Wasiƙa Zuwa ga Edita: Halin da Samarinmu Suke Ciki

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da 'ya'yanmu, waɗanda fitina ta kewaye ta kowace fuska, har ya zamana ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da hatsi domin ya nemi ilimi ba shi da amincin kwana a ɗakinsa. Hujjata kuwa ita ce asubahin Juma'a, 22 ga Satumba 2023, da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya na Sabon Gida a ƙasar Bungudu.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da bai taɓa shiga aji ba. A Tsafe na ga wani, ko gemu bai tsiro masa ba, idanu jajur, yana kora ƙwayar tiramol da ruwan leda tun kafin azahar. Gonar ubansa tana cikin daji, ba ta nomuwa, alhali mutanen dajin kullum neman irinsa suke yi, wanda zai kai musu labari da man fetur. Shin malamanmu sun taɓa zama da shi?

Wassalam,
Mai karatunku, Gusau