Sojan da ya yi wa tutar wasu yaƙi, wa zai yi magana a kansa?



Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wannan magana ta fi nauyi a kan sojan da ya sa kakin wata ƙasa, sannan aka kai shi gaban kotun soja ta wannan ƙasa. Alƙalansa hafsoshi ne, mai ƙara hafsa ne, harshen shari'a ba nasa ba ne, danginsa kuwa suna nesa. Idan jarida da rediyo suka yi shiru, to, ba shi da kowa sai Allah.

Mu ɗauki misalin da ya shafe mu. A zamanin mulkin mallaka Faransa ta ɗebi samari daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki, har da Nijar, ta laƙaba musu suna ɗaya, wai sojojin Senegal. A shekarar 1940 Jamus ta kama dubbai daga cikinsu, ta tsare su a sansanoni cikin ƙasar Faransa. Da aka sako su, jirgin ruwa ya sauke fiye da 1.000 a Dakar ran 21 ga Nuwamba 1944, aka kai su barikin Caroy. Suka ce ba za su koma gida ba sai an biya su albashinsu na shekarun da suka yi a tsare. Ran 1 ga Disamba da safe aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu.

Ba a tsaya nan ba. A watan Maris 1945 kotun soja ta Dakar ta yi wa 34 daga cikin waɗanda suka tsira shari'a, bisa laifin tawaye da ƙin bin umurni. Lauya Lamin Gey ya tsaya musu, amma aka yanke musu ɗauri daga shekara 1 zuwa shekara 10. Waɗansu a kurkuku suka cika. Sauran an sake su a 1947, zamanin shugaba Vincent Auriol. Sai dai afuwa daban, wankewa daban: wanda aka yi wa afuwa yana nan mai laifi a takarda. A 2015 ɗan ɗaya daga cikinsu ya nemi kotun Faransa ta sake duba shari'ar ubansa, aka ƙi.

To, ku duba abin da magana ta yi. A 1988 Usman Sembene ya fito da sinimarsa a kan barikin Caroy, ta ci lambar yabo a birnin Venis. Masana tarihi, irin su Armelle Mabon, suka tono takardu, jaridu suka ɗauka. A 2014 shugaba François Hollande ya je maƙabartar Caroy, ya yarda mamatan sun kai 70 ko fiye. A watan Nuwamba 2024 shugaba Emmanuel Macron ya rubuta wa shugaban Senegal Basiru Jomay Fay wasiƙa, ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi. A watan Oktoba 2025 kwamitin binciken da Senegal ta kafa ya ce mamatan za su kai 300 zuwa 400. Daga 35 zuwa 400! Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai da aka sami masu haƙa.

Abin da ya rage shi ne a soke hukuncin mutanen nan 34, a wanke sunansu. Wannan kuwa ba aikin Senegal ita kaɗai ba ne, tun da daga ƙasashe da yawa aka tara sojojin. Ya kamata Muryar Sahel da rediyoyin karkara su riƙa faɗin labarin da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kowace shekara ran 1 ga Disamba.

Ku kuma ɗaliban yaƙi da jahilci na Falanko, da Tanut, da Belbeji, da dukan Damargu, ga inda alƙalaminku zai yi amfani. Gidan da aka san kakansu tsohon soja ne, ku je ku zauna da tsofaffi. Ku rubuta sunansa, da na ubansa, da garinsu, da shekarar da aka tafi da shi, ya komo ko bai komo ba. In akwai littafinsa na soja ko lambar girma cikin adaka, ku kwafe lambobin, ku kai wa magajin gari. Ma'aikatan hukuma kuma su karɓa su adana, kada gara ta riga su.

Ko yanzu akwai ƴaƴanmu da neman abinci ya kai su cikin sojan waɗansu ƙasashe. Wanda aka tuhuma a cikinsu, ba mu ce lalle ya yi gaskiya ba. Soja yana da doka, mai laifi kuma a hukunta shi. Abin da muke nema shi ne a ba shi lauya da tafinta, a sanar da ofishin jakadancinmu, a bar ƴan jarida su shiga su ji. Iyayensa kuma kada kunya ta sa su ɓoye, su kai maganar gidan rediyo tun kafin a yanke hukunci, domin mutanen Caroy sun yi shekara 80 suna jiran kalma guda.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu dace. Amin.