Wa'adin Saƙon Imel: Wa Yake Karewa?

Jar ƙwayar jini a jikin ɗan Adam tana rayuwa kimanin kwana 120. Idan ta tsufa, saifa da hanta kan rushe ta, jiki ya adana ƙarfen da ke cikinta don gina sabuwa. Ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Manhajojin imel ma suna maganar cikar wa'adin saƙo, amma nufinsu daban ne, kuma rashin sanin bambancin kan jawo asara.

A manhajar Outlook, mai aikawa yana iya sanya wa saƙonsa ranar ƙarewa. Ranar na cika, sai a ja layi a kan sunan saƙon a jerin wasiƙu, amma yana nan, ana iya buɗe shi a karanta. A shekarar 2018 kuma Gmail ta fito da tsarin saƙon sirri mai wa'adi daga kwana 1 zuwa shekara 5. A nan, ainihin rubutun yana ajiye ne a rumbun kamfanin Google, wanda aka aika wa izinin leƙawa kawai ake ba shi. Idan wa'adi ya cika, ko mai aikawa ya sauya shawara tun kafin nan, sai a rufe masa ƙofa. Kwafin mai aikawa kuwa yana nan daram.

Abu biyu ne suka fito fili. Na farko, wa'adi ba ya rufa asiri. An hana mai karɓa kwafa, bugawa da turawa gaba, amma ba abin da zai hana shi ɗaukar hoton allon da wayarsa. Magana zarar bunu ce, a takarda ko a kwamfuta. Na biyu, kuma mafi nauyi, wa'adi yana ƙwace hujja daga hannun mai karɓa ya bar ta a hannun mai aikawa.

Mazauna Kakuri da Makera, a kudancin Kogin Kaduna, sun san darajar hujja. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekara fiye da goma suna neman haƙƙoƙinsu. A irin wannan nema, madogarar ma'aikaci ita ce takardar ɗaukar aiki da takardar albashi, waɗanda kan daɗe a ƙarƙashin akwati ba su goge kansu ba. A yau wasiƙun ɗaukar aiki da shaidar biyan kuɗi da yawa ta imel suke zuwa. Ma'aikacin da aka aiko wa alkawari cikin saƙo mai wa'adin wata 1, me zai nuna bayan shekara goma?

Tsarin ba banza ba ne. Lambar sirri ta wucin gadi, ko sanarwar taron da ya wuce, gara su ɓace, kamar yadda Gmail ke share kwandon shara bayan kwana 30. Amma duk saƙon da ya shafi albashi, bashi, haya ko sakamakon jarrabawa bai kamata a amince da shi da wa'adi ba. Wanda aka aiko wa irinsa ya nemi a sake aiko masa da sahihi, ya buga shi a takarda, ya adana. Haka nan ya dace ƙungiyoyin ƙwadago da makarantu su mai da wannan ƙa'ida a rubuce, domin ranar da za a buƙaci hujja ba ta yin sallama.