Siririyar Waya Kusa da Tukunyar Gas

Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kemis ɗinmu neman maganin ƙuna, hannun 'yarta naɗe da tsumma. Na ɗauka ruwan zafi ne. Ashe wuta ce ta tashi a kicin, kuma ba daga murhun ta fara ba, daga waya ce.

Murhunsu irin mai kai uku na gas da ɗaya na lantarki ne. Wanda ya haɗa musu gas ya yi aikinsa da kyau, amma da ya ga soket ya yi nisa, sai ya jona murhun a wata wayar ƙari ta arha, ya bi da ita ta bayan tukunyar gas. Daga baya aka ƙara butar lantarki a kanta.

Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka, gwargwadon kaurin jan ƙarfen da ke cikinta, ba kaurin robar ba. Lissafin ba wuya. Wutarmu bolt 230 ce, sai ki raba wat ɗin da aka rubuta a jikin na'ura da 230, ki sami amfiya. Buta mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, kan murhu mai wat 1,500 fiye da 6. Jimilla 15 ke nan. Waya mai kaurin 0.75 kuwa amfiya 6 ce iyakarta. Sai ta ɗau zafi, roba ta narke, tartsatsi ya biyo baya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya ɗan tsiyaye ƙasa yake kwanciya, daidai inda muke yar da waɗannan wayoyi.

Masu haɗa gas, don Allah, idan aiki ya kai ga lantarki ku kira mai shi. Waya 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket 2.5 yake so, babban murhun lantarki kuma layinsa daban, 4 ko 6. Fiyus ɗin filogi, wanda bai wuce amfiya 13 ba, kada a musanya shi da zaren waya don wai yana yawan ƙonewa.

Uwargida, ki taɓa filogi bayan kin yi girki. In ya yi zafi, a sauya wayar. In kuma kin ji warin gas, kada ki taɓa makunni, buɗe tagogi kawai.

Yarinyar an shafa mata man goge baki. Ruwan famfo na minti 20 ya kamata, sannan asibiti, can na tura su.