Zafin Bazara Da Malamin Asibiti



Ran 3 ga Afrilu, 2024, a goman ƙarshe na watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako kuwa, asibitin Gabriel Touré ya ƙidaya gawa 102 a kwana 4 na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 ɗungum 130 aka samu. Kimanin rabinsu sun haura shekara 60. Masana da suka yi bincike sun ce ba don ɗumamar duniya da hayaƙin mai da gawayi ya jawo ba, da zafin bai kai haka ba. To, bazarar da ta gasa Kayes ita ce dai ke sauka a Sakkwato da Yamai da Maiduguri.

Abin da ya dame mu shi ne malamin asibitin ƙauye, wanda ya saba da cewa zafin jiki zazzaɓin cizon sauro ne. Sai a kawo masa dattijo daga kasuwa, jiki ya wuce digiri 40, yana sambatu, shi kuwa ya ɗauko allura da farasitamol. Farasitamol ba ya maganin bugun zafi ko kaɗan. Abin da ke ceton rai shi ne a kai mutum inuwa, a rage masa tufa, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, nan take, tun kafin a nemo mota. Randa da mafici sun isa a fara, amma sai wanda aka koya wa ne zai tuna da su.

Ga kuma zancen azumi. Shari'a ta yi wa majinyaci rangwame, malamanmu kuma su kan dogara da faɗar amintaccen likita. Ina amfanin rangwamen in ma'aikacin bai san cewa mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, su ne zafi ke fara kayarwa ba?

Saboda haka mu ke roƙon ma'aikatun lafiya su sa wannan darasi a makarantun horar da ma'aikatan lafiya, a kuma riƙa yi wa na bakin aiki bita kowane Fabrairu. Attajiranmu kuwa, in sun tashi yin sadaka, su tuna akwai ɗakunan shan magani da ba su da rijiya, ba su da wutar sola da za ta riƙe firjin allurar rigakafi.