FILIN MOTA DA HANYA: Taya Ɗaya Na Juyi, Ɗaya Na Kallo

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan cikin watan Agusta, ko ta wajen Kwoi, ko ta Zonkwa, ko can gindin Dutsen Kagoro, ya san wannan abin takaici. Akori-kura ce ta ɗauko buhunan taki za ta kai wa manoman citta, ko kuwa mai naƙuda aka ɗauko za a kai ta babban asibitin Kafanchan, sai tayar baya ɗaya ta faɗa cikin caɓi. Direba ya taka totur, inji ya yi ruri, tayar da ke cikin caɓin ta dinga juyi tana watsa wa masu turi jar laka, ita kuwa 'yar'uwarta da ke zaune daram a kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Fasinja su ce inji ne ba ƙarfi, karen mota ya ce taya ce ta suɗe. Alhali kuwa laifin yana can cikin tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira difaranshal.

Ba don mugunta aka ƙera shi haka ba. Sa'ad da mota ke shan kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Idan tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu ta kai mita 1.4, kamar yadda take a ƙananan motoci da yawa, to in motar ta yi da'ira ɗaya cikakkiya, tayar waje za ta ɗara ta ciki da kusan mita 9. Da an ɗaure su a sanda guda, da tilas ɗaya ta riƙa jan ƙasa a kowace kwana. Saboda haka aka sa waɗansu haƙora a tsakani, masu barin kowace taya ta yi gudun da ya dace da ita. Aibinsa ɗaya ne, watau adalcin da ya wuce kima: ƙarfin da yake bai wa tayar dama daidai yake da wanda yake bai wa ta hagu. Kamar uba ne da ya rantse ba zai fifita ɗa a kan ɗa ba. Ranar da ƙaramin ya kasa cin abin da ya wuce loma ɗaya, sai babban ma a ba shi loma ɗaya, ko da shi ne zai tafi gona. Tayar da ke cikin caɓi ba ta iya riƙe kome, don haka wadda ke kan tudu ma ba ta samun kome.

Masu tseren motoci su ne suka fara neman maganin wannan. A cikin 1935 Ferdinand Porsche ya sa kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motar tsere ta Auto Union wani difaranshal mai taƙaita sulɓi, domin injinta ya fi ƙarfin tayoyinta, da an fito daga kwana sai tayar ciki ta yi ta juyi a banza. Irinsa ne masu sayar da kayan gyara ke kira LSD a yau. Mutanen Jihar Kaduna kuwa ba baƙi ba ne ga labarin tsere, ko da ba su sani ba: a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, a shekarar ce Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da Peugeot 504, a kan jar ƙasa da taɓo irin wanda direban Kachia ke fama da shi kowace damina.

Yanzu masu neman wannan ƙarfe iri biyu ne. Akwai direban haya da manomi, waɗanda bukatarsu ita ce su isa gida. Akwai kuma samari masu sha'awar wasan mota, waɗanda suka yawaita a biranen Arewa, suna sayen tsofaffin motocin Jamus masu ja da baya, suna kallon gasar ƙasashen waje a wayoyinsu. Gasar da aka fi kwaikwayo iri biyu ce. Ɗaya ita ce wadda Amurkawa ke kira otokuros, inda ake jera turakun roba a fili mai kwalta, mota ɗaya ta shiga ta zagaya su ana duba agogo, kwana kan kwana, yawanci ba a wuce giya ta biyu. Ɗayar kuwa ita ce ta filin tsere sosai, mai dogayen kwanoni da gudu mai yawa, inda ƙarfe ke ɗaukar zafi na tsawon lokaci. Duk waɗannan mutane kasuwa ɗaya suke zuwa, ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Ikko, kuma kuskure ɗaya suke yi, watau sayen suna maimakon sayen abin da ya dace da hanyarsu.

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce, shin tayar motarsa takan rabu da ƙasa ko kuwa? A kan amsar nan zaɓin ya rataya.

In ba ta rabuwa, to mai haƙora ya fi masa. Wannan shi ne irin Torsen, wanda Ba'amurke Vernon Gleasman ya yi wa rajista a 1958, da kuma irin Quaife na Ingila. Haƙoransa murɗaɗɗu ne, suna cije juna da kansu gwargwadon ƙarfin da aka taka, ba ƙara, ba fizga, ba faifan da zai cinye, man giya na kullum ya ishe shi. Ga mai zagaya turaku a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, musamman mai mota mai ja da gaba, da wuya a sami wanda ya fi shi sauƙin hali. Amma aikinsa ninkawa ne kawai. In an ce nasa uku ne bisa ɗaya, ma'ana tayar da ta kama ƙasa za ta sami ninki uku na abin da mai sulɓin ke iya riƙewa. To, in mai sulɓin tana reto a sama, ba ta riƙe da kome, sifiri sau uku kuwa sifiri ne. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan wannan, sa'an nan ya ratsa zaizayar da ruwa ya yi a hanyar gona har taya ɗaya ta ɗaga, zai tsaya cik kamar wanda bai sayi kome ba. Dabarar da tsofaffin direbobi suka sani ita ce a ɗan ja birkin hannu kaɗan, in motar mai ja da baya ce, domin a ba haƙoran abin da za su ninka.

In kuwa taya takan ɗaga, ko a gargadar hanya ko a matsattsiyar kwana inda mota ke karkata, to sai mai faifai. A cikinsa akwai faya-fayan ƙarfe jere kamar na kuloci, da sifirin da ke matse su tun kafin a taka totur, don haka ko taya ɗaya tana sama, ɗayar ba ta rasa rabonta. Nan ne kuma maganar ta yi zurfi, gama shi kansa kala uku ne. Akwai mai kamawa sa'ad da aka taka totur kaɗai. Akwai mai kamawa daidai wa daida, ko an taka ko an saki. Akwai kuma na tsakiya, wanda ake ce wa ɗaya da rabi, mai kamawa sosai in an taka, kaɗan in an saki. Mai kamawa ta fuska biyu yana daidaita bayan mota sa'ad da aka taka birki daga gudu mai yawa, shi ya sa masu filin tsere da masu wasan zamiya ke ƙaunarsa. Amma a tsakanin turaku, inda ake bukatar mota ta juya kamar ƙadangare, sai ya sa hancinta ya ƙi shiga kwana, direba yana murza sitiyari mota tana miƙewa. Wanda mota ɗaya gare shi, da ita zai yi wasa ran Asabar, da ita zai je aiki ran Litinin, ɗaya da rabi ya fi masa kwanciyar rai. Sai dai ya sani ya ɗauko wa kansa hidima: faifai yana cinyewa, yana da mansa na musamman wanda in aka zuba masa wani sai ya riƙa gurnani a kwana, kuma mai yawan gudu a fili tilas ya riƙa juye man nan akai-akai saboda zafi.

Akwai na uku, mai ruwan silikon mai kauri a rufe cikin gwangwani. Sai taya ta riga ta fara sulɓi kafin ya farga, zafi da shekaru kuma suna kashe ruwan, ba a kuwa buɗe shi a gyara a gareji. Na gwanjo da ya yi shekara 20 a Turai kafin ya sauka Kwatano, sayensa caca ce.

Ba za a bar zancen walda ba, domin ita ce hanyar da mai ƙaramin aljihu ke fara tunawa. A kai difaranshal wurin mai walda ya liƙe haƙoran wuri guda, tayoyi biyu su koma abu ɗaya. Lalle a cikin taɓo motar za ta fita. Amma a kan kwalta kowace kwana sai taya ta yi kuka, sandunan aksil suna murɗuwa har ranar da ɗaya za ta karye, in kuma an yi ruwa bayan motar yana iya zamewa ba sallama. Motar da ke ɗaukar rayukan mutane ba ta cancanci wannan ba. Mai Land Cruiser ko Hilux da ta zo da makullin difaranshal na ainihi ya fi kowa sa'a, muddin ya tuna ya buɗe shi da zarar ya hau kwalta. Ko LSD na kirki ma yana da irin wannan hali kaɗan: da can taya ɗaya ke sulɓi, ɗayar tana riƙe da mota a kan layi, yanzu kuwa in aka yi wa totur gaggawa a jiƙaƙƙiyar kwana, duka biyun ne za su tafi tare. Wanda ya sa sabo ya koyi halinsa a fili mara mutane tukuna, ba a titin kasuwa ba, ba kuwa a ayarin rakiyar amarya ba.

Saura abin da za a duba kafin a biya kuɗi. A ɗaga tayoyin biyu sama, a sa giya a firi, a juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta fuska guda, mai yiwuwa mai faifai ne da ke da sauran ransa. In ta juya baya, ko dai na kullum ne, ko faifan ya mutu. Mai haƙora ba ya nuna kansa a wannan gwaji, sai an buɗe murfi an gani da ido. A ƙirga haƙoran babbar giya da na ƙarama a tabbata lissafinsu ya yi daidai da na wanda za a cire, balle a mota mai ja da tayoyi huɗu, inda in gaba da baya suka saɓa giyabos ne zai biya bashin. Tayoyin dama da hagu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Makaniki kuma ya gargaɗi yaransa: motar da aka sa wa LSD, kada a ɗaga tayarta ɗaya a kan jak a tayar da inji a sa giya kamar yadda aka saba, domin tayar da ke ƙasa za ta ja motar ta sauko daga jak ɗin a kan wanda ke kwance ƙarƙashinta.