Asalin Kalma: Minista, Sanata da Ɗan Takara

Kalmar nan "minista" da ake rusuna wa mai ita a yau, asalinta daga harshen Latin ne na Rumawan dā, ta biyo ta Turanci ta iso Hausa. A can kuwa ba mai rusuna wa minister, gama ma'anarsa bara, mai kai akushi da zuba abin sha a gidan ubangidansa. Tushen kalmar shi ne minus, watau abin da ya gaza wani. Kishiyarta ita ce magister, daga magis, watau fifiko, wadda ta haifar mana da majistare da "masta" ɗin nan na hedimasta. Sa'ad da sarakunan Turai suka riƙa kiran manyan ma'aikatansu ministoci, barorin sarki suke nufi. Daga baya mulki ya koma hannun barorin, amma sunan bai sake ba.

Sanata daga senex ta fito, watau tsoho. Ashe wanda ya raɗa wa Majalisar Dattawa suna bai yi kuskure ba, ko da yake a ƙarshen zamanin jamhuriyar Rum ɗan shekara 30 yana iya shiga tasu.

Ta ɗan takara ta fi duka daɗin ji. Mai neman muƙami a Rum yakan shafa wa mayafinsa alli har ya yi fari fat, don a hango shi cikin taro. Irin wannan fari sunansa candidus, saboda haka aka kira mutumin candidatus. Zagayen da yake yi yana gaisawa da jama'a kuwa shi ne ambitus. To, sannu a hankali gaisuwa ta koma rabon kuɗi da liyafa, har ambitus ta zama sunan laifin sayen ƙuri'a a gaban alƙali.

A shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, mashahurin lauyan nan, yana ɗaya daga cikin shugabanni biyu da Rum ke zaɓa kowace shekara. Shi ya kawo dokar korar mai wannan laifi daga ƙasa har shekara 10. Shekarar ba ta ƙare ba aka gurfanar da Murena, wanda ya ci zaɓen gadar kujerar, bisa zargin ambitus. Sisero ɗin ne da kansa ya tsaya masa lauya, aka kuwa wanke shi, ya hau kujerarsa.