Waɗanda Suka Ɓace Tsakanin Rantsuwa da Yaye



Birnin Katsina, wanda hasumiyar Gobarau ke shaidar daɗewarsa da ilmi, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, inda aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 har ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, yau ga shi Allah Ya azurta shi da jami'o'i biyu: Al-Qalam a 2005, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006. Alhamdu lillahi. Sai dai akwai wata mas'ala da ta shafi jami'o'in ƙasar nan baki ɗaya, wadda ba kasafai ake ambatonta a gaban manyan baƙi ba.

Kowace shekara akan rantsar da sababbin ɗalibai, a faɗi adadinsu. A ranar yaye kuma a sake faɗin wani adadin, a yi tafi. To, waɗanda suka zube a tsakani fa, amanarsu tana wuyan wa?

Na san wani yaro, ɗan maƙwabcina, haziƙi ne mai ladabi, wanda 'yan bindiga suka raba mahaifinsa da gonarsa a shekararsa ta biyu a wata jami'a. Kuɗin rajista ya gagara, ya shiga haya da Keke Napep don ya haɗa su, darussa suka riƙa wuce shi, har ranar da ya tsaya gaban allon sanarwa yana bin jerin lambobi da yatsa, ya tarar makinsa ya faɗi ƙasa, an yi masa kashedin kora. Zango biyu yana ɗingishi, babu wanda ya kira shi ya ce, "Ɗana, me ke damunka?"

A makarantar zaure kuwa, in ɗalibi ya kwana biyu bai zo ɗaukar karatu ba, malam kan aika a dubo lafiyarsa, domin a wurin magabata tarbiyya da ta'alimi ba sa rabuwa. Jami'a ma tana da masu wannan haƙƙi a rubuce: akwai shugaban sashen harkokin ɗalibai, akwai malamin da ake danƙa wa kula da kowane aji. Amma galibi wannan aiki na ƙarshe, wanda shi ya fi kusa da ɗalibi, akan ɗora shi ne a kan ƙaramin malami mai ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa, har nasihar da ake fata daga gare shi ta koma sa hannu a takardar rajista kurum.

Ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, wanda ya sa wasu sun kama sana'a ko sun yi aure ba su komo ba. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya rage raɗaɗin kuɗi, amma asusu ba ya zuwa neman wanda ya yanke ƙauna.

Don haka muke kira ga shugabannin jami'o'inmu da majalisunsu, su ɗora wannan amana a kan babban jami'i guda mai faɗa a ji, wanda za a kai wa sunan duk ɗalibin da makinsa ya fara sauka tun zangon farko, kuma a ranar yaye ya miƙe ya faɗa wa iyaye mutum nawa aka ɗauka, nawa suka kammala, ina sauran suke. Ɗan maƙwabcina har yanzu yana haya tsakanin Ƙofar Ƙaura da babbar kasuwa, katin shaidar ɗalibtarsa na cikin aljihunsa.